Ƙanena ya ce sai ya bi sawun Umar M. Shareef: ya shiga fim ko ya tsaya a waƙa?

Mai Caji Rigasa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta hana ni sukuni kwana biyu, na ce bari in kawo ta nan ko a dace da wanda ya san harkar daga ciki.

Ni sana'ata cajin waya da tura waƙoƙi da finafinai. Ina da ɗan kes a Rigasa, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune gaban kwamfutar nan. Duk mawaƙin da ya taso a Arewa ni nake fara sani, don kafin rediyo ta sa shi yara sun riga sun miƙo min memori sun ce a zuba musu. Wanda tauraronsa ya dusashe ma ni nake fara sani, sai in ga wata uku cur ba wanda ya tambaye shi.

To, autanmu ne. Shekararsa 21, yana koyon ɗinki a shagon wani maƙwabcinmu. Murya kam Allah ya ba shi, ba don ƙanena ba ne. In yana kan keke yana rera abinsa, matan da suka kawo ɗinki sai su ƙi tafiya. Ya yi waƙa uku a wani sitidiyo a Tudun Wada, biyu ni na biya kuɗin kiɗan. Ɗaya ta ɗan zaga, har an sa ta a bikin wata 'yar unguwarmu, amarya ta yi kuka.

Watan jiya wani mutum da ke shirya fim mai dogon zango na YouTube ya kira shi. Wai ya ga hotonsa, ya dace da jarumin labarinsa, ya taho Kano da dubu arba'in na fom da kayan sawa. Tun daga ranar yaron nan bai ƙara rubuta ko baiti ɗaya ba. Littafin da yake rubutu a ciki yana nan ƙarƙashin katifa. Aikin ke nan tsayuwa gaban madubi, aski biyu a sati ɗaya. Da na yi magana sai ya ce, "Yaya, ai M. Shareef ma ɗan Rigasa ne, kuma da waƙa ya fara ya koma fim."

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ba zan iya ce masa ƙarya yake ba. Kafin fim ɗinsa Mansoor ya fito a 2017, mutum zai zo ya ce min, "Sa min waƙar Adamu Zango ta fim kaza," ko "waƙar Ali Nuhu," alhali muryar Shareef ce ko ta Nura M. Inuwa. Sunan wanda ya motsa baki ake kira, ba na wanda ya rera ba. Bayan Mansoor kuwa 'yan mata layi suke yi, "Malam, M. Shareef za ka cika min." Har hotonsa suke cewa in haɗa musu da shi. Da idona na ga wannan canjin. Amma kuma ni a kunnena, waƙoƙinsa na kafin ya fara fitowa sun fi shiga jiki. Ko tsufa ne ya fara kama ni, oho.

Tambayata: fim ɗaga mawaƙi yake ko cinye shi? Kuma dubu arba'in ɗin nan, haka ake yi?

Maman Khalifa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, dubu arba'in ɗin nan ka riƙe abarka. Ni ba 'yar fim ba ce, amma a Gwammaja na yi aure shekara ashirin da wani abu, yaran maƙwabta nawa na gani an karɓe musu kuɗin fom, daga ƙarshe a nuna ƙeyarsu a taron biki cikin fim, shi ke nan an gama da su. Wanda ya ga kana da abin da yake so, shi ke ba ka na mota.

Maganar mawaƙi ya fito a fim kuma ai ba yau aka fara ba. Misbahu M. Ahmad ya yi waƙa ya yi fim tun zamanin kaset, Sani Danja ma haka. Mu lokacinmu sai ka haddace waƙa tsaf ba ka san fuskar mai ita ba. Na daɗe ina jin Fati Nijar kafin in ga kamanninta.

Amma ni abin da zan tambaye ka: mahaifiyarku ta sani? Don na ga ka ambaci madubi, ka ambaci aski, ban ji ka ambace ta ba. Kuma kada ya saki ɗinkin nan ko da wasa.

Makaɗin Zoo Road:

Malam Mai Caji, ka zo gidan. Shekara tara ina buga fiyano a sitidiyo, bari in warware maka yadda abin yake, ka yi haƙuri da tsawo.

A tsarin da muka tarar, waƙa ake fara yi kafin fim. Mawaƙi ya zo da amshi da baitoci, mu ɗora kiɗa, a samo mace ta hau, a tace. Furodusa ya zo ya saurara, in ta yi masa ya saya. Sau da yawa ma saboda waƙar ake ƙirƙiro labarin. Daga ranar da ya biya, waƙa ta zama tasa. Sai a kai ta lokeshan, jarumi da jaruma su hau kanta su yi mamin, wato su riƙa motsa baki kamar su ke rerawa. In ta karɓu, wa ake gayyata gala? Wa ake yi wa liƙi a Maraɗi da Agadas da Kumasi? Mai fuskar. Shi kuwa mai muryar an sallame shi tun tuni, yana sitidiyo yana neman wani amshin. Abin da ka gani a kes ɗinka ke nan, ba wani abu ba.

Da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, kuɗin da furodusa ke sayen waƙa da shi ma ya ja baya. (Kada ka ji haushi, amma ku masu turawa kuna cikin waɗanda suka yi mata ƙafar ungulu.) Abin da ya rage wa mawaƙi shi ne biki, da siyasa, da talla, da YouTube. Duk huɗun nan fuska suke so. Saboda haka dabarar fitowa a gan ka daidai ce, ƙanenka bai yi kuskure a nan ba.

Inda ya yi kuskure shi ne lissafin yadda Shareef ya shiga. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mutumin nan ya shafe shekaru yana rera wa finafinan wasu, yana fitar da albam, yana da sitidiyonsa a Kaduna, yana da yaran da yake ɗagawa. Ranar da ya tsaya gaban kyamara ba baƙo ba ne a masana'antar, furodusoshi ne ke bin sa. Sannan dubi hannun da ya riƙo shi: Ali Nuhu ne ya ba da umarnin Mansoor, a kamfaninsa na FKD, aka haɗa shi da sabuwar fuska, Maryam Yahaya, aka kai fim ɗin silima. Bayan nan aka sake haɗa su a finafinan Mariya da Hafeez. Kuma waƙoƙin ciki nasa ne, wato an sayi jarumi da mawaƙi a jiki ɗaya. Shi ya kawo wa fim ɗin masu sauraro, fim ɗin ya ba shi fuska. Ƙanenka mai waƙa uku me zai kai musu?

Ga kuma abin da ba a faɗa wa yara: lokeshan cin lokaci gare shi. A kira ka ƙarfe takwas na safe, ka zauna ƙarƙashin bishiya da kayan da aka ce kada su yamutse, janareta ya ƙi tashi, a jira jaruma, rana ta karkata, sai bayan la'asar a ɗauki fitowarka biyu. Ka koma masauki murya ta dishe da ƙura da ruwan sanyi. Akwai yaron da nake yi wa kiɗa, sai ya zo min da waƙa biyu a wata. Da ya shiga wani shiri mai dogon zango, wata bakwai ban sa shi a ido ba. Da ya dawo, amshin da ya kawo tsohon amshinsa ne ya juya masa riga. Taura biyu ba ta taunuwa sai ga mai haƙoran da suka yi ƙwari.

Kuma fim ba shi kaɗai ne ƙofa ba yanzu. Hamisu Breaker da waƙarsa Jaruma a 2020, lokacin kullen korona, matan aure suna rawa gaban mazajensu ana ɗorawa a intanet, ba jarumtar wani fim ce ta kai waƙar nan ko'ina ba. Nura M. Inuwa bai mai da fitowa a fim sana'a ba, kuma har gobe in ya saki albam kai da kanka ka san yadda kes ɗinka yake cika.

Abu na ƙarshe, in har ya nace sai ya zo Kano, ya san akwai Hukumar Tace Finafinai, tun 2001 take, kuma akwai rajista. Akwai ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN. Ba wasa ake da su ba: a 2016 an kori jaruma Rahama Sadau daga masana'antar saboda bidiyon waƙa ɗaya da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ, ita da take kan ganiyarta. Adam A. Zango ma an taɓa ɗaure shi a 2007 kan bidiyon waƙoƙi. To ina ga yaron da ba shi da ubangida? Ka tambayi mutumin nan sunan kamfaninsa, da ko yana da rajista, da tashar da yake sakin aikinsa. In ya fara kame-kame ka san sauran.

'Yar Maraɗi:

Kai, ku dai manya kullum na da ya fi daɗi! Yaya Mai Caji, tsufa ne, ka amsa kawai.

Ni ina lakwal, wato makaranta, aka yi Mansoor. A salular yayata muka kalle shi mu biyar, kai da kai, batir na ƙarewa muna roƙon Allah. Kafin nan ban san wani M. Shareef ba, ko da yake ashe waƙoƙinsa cike suke a gidanmu. Fim ɗin ne ya sa na koma na nemo tsofaffin. To da bai fito ba fa? Da har yau ina cewa waƙar wane ce.

Kuma ku bar cewa sai yaro ya shekara goma a sitidiyo. Zamanin ya wuce. Shi da yake tela, ya ɗinka kaya masu kyau ya sa, ya jingina waya a kan keken ɗinkin, ya rera amshi ɗaya ya ɗora a TikTok. In muryar ta kai yadda kake faɗi, mu za mu yaɗa ta, ba sai ya ba kowa ko dala ba. Fati Nijar daga garinmu ta tafi Kano da muryarta kawai.

Baban Ummi Zariya:

Ni dai a bar kaza cikin gashinta, amma tunda an tambaya: rera waƙa daban, wasan kwaikwayo daban. A finafinan farko na Shareef, in ana waƙa sai ka ga mutum a gidansa, in aka dawo magana sai ka ga kamar yana jiran a ce a yanke. Daga baya ya saki jiki, ban musa ba. Ado Gwanja ne na ga abin ya zauna masa ta kowane ɓangare, don shi ko bai buɗe baki da waƙa ba zai ba ka dariya. Ƙanenka ya taɓa yin ko wasan makaranta? Kyan fuska da aski ba su ne iya fitowa ba.

Mai Caji Rigasa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mama, kin kama ni. Hajiyarmu ba ta sani ba, waƙar ma da ƙyar ta yarda, sai da kawunmu ya sa baki aka yi sharaɗin ba zai bar ɗinki ba. Daren jiya na faɗa mata. Ba ta ce uffan ba, ta dai tashi ta ɗauki buta.

Malam Makaɗi, maganar Ƙofar Wambai na ji ta, na haɗiye. Na kira mutumin a gaban yaron, na sa a sifika. Na tambaye shi sunan tasharsa, ya faɗa, muka duba: bidiyo huɗu ne a ciki, na ƙarshe ya shekara. Da na tambayi rajista sai ya ce ana kan yi. Kafin mu ajiye waya dubu arba'in ta dawo ashirin da biyar, wai don ya ga yaron na da hazaƙa.

Auta bai yi min magana ba tun jiya. Da safe dai na ga littafin ya fito daga ƙarƙashin katifa yana kan taga, ban sani ba ko rubutu ya yi ko shara ce ta fito da shi. Baban Ummi, wasan makaranta ɗaya ya taɓa yi a firamare, shi ne ya fito a ɗan sanda, ya manta maganarsa ya tsaya yana dariya.

'Yar Maraɗi, na karanta masa taki, ita kaɗai ce ya ɗago kai ya saurara. Ya ce wayarsa kyamararta ta fashe. Akwai wata da aka bar min jingina tun azumi ba a dawo ba, zan ara masa.

Malam Makaɗi, in ba damuwa zan tura maka waƙar bikin nan ta akwatin saƙo ka saurara. Kada ka duba ni, in ba ta yi ba ka ce ba ta yi ba. Kiɗan ya ɗan danne muryar a baiti na biyu, mai sitidiyon ya ce gyaran sai an ƙara dubu uku.