Shin Kalmomin Ingila Ne Kaɗai Turanci Na Gaskiya?

Malamin Turanci: Assalamu alaikum. Matsayina shi ne sunayen kayan gida da na waje da ake amfani da su a Ingila su ne Turanci na asali, waɗanda Amurkawa suka zo da su kuwa gurɓata harshe ne, don haka ya kamata malami ya soke su da jan biro duk inda ya gan su a takardar ɗalibi. Yaranmu yanzu suna rubuta "faucet" a madadin "tap" idan suna nufin famfo, "trash can" a madadin "dustbin" idan suna nufin kwandon shara, "flashlight" a madadin "torch" idan suna nufin tocila, kuma daga finafinai da wayoyi suka kwaso su, ba daga littafi ba. Harshe yana da masu shi, kuma mutanen Ingila ne masu wannan.

Ɗalibar ilimin harshe: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ina girmama damuwarka, amma tarihi bai goyi bayan kalmar gurɓatawa ba. Da yawa daga cikin kalmomin da ake ɗauka ƙirƙirar Amurkawa ne, a Ingila aka fara amfani da su. "Faucet" ta shigo Turanci daga Faransanci tun kafin Turawan Ingila su kafa mazauninsu na Jamestown a Amurka a 1607. "Trash" tana cikin wasannin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616. Ita ma "fall", wadda Amurkawa ke kiran kaka da ita, an yi amfani da ita a Ingila tun ƙarni na 16, daga baya "autumn" ta rinjaye ta a can. Abin da ya faru shi ne waɗanda suka ƙetare teku sun tafi da kalmomin zamaninsu sun riƙe, waɗanda suka zauna a gida kuma suka bar wasu suka ɗauki wasu. Idan daɗewa ce ma'aunin asali, to a wurare da dama Ba'amurke ne ke riƙe da tsohuwar kalma.

Injiniya mazaunin birnin Leeds na Ingila: Ni tambayata ga Malam ita ce, wace Ingilar? Ɗan siririn lungun da ke ratsawa tsakanin gidaje, a Yorkshire da Manchester ana ce masa "ginnel", wasu a Yorkshire ɗin su ce "snicket", a tsakiyar ƙasar akwai masu cewa "jitty", a Sussex can kudu kuma "twitten". Duk waɗannan mutane haifaffun Ingila ne, kuma wanda ya tashi a Landan yana iya jin kalmar bai san me ake nufi ba. Jami'ar Leeds ta gudanar da babban binciken karin harshen Ingila ƙarƙashin Harold Orton daga 1950 zuwa 1961, inda aka bi garuruwa da ƙauyuka 313 ana tambayar dattawa sunayen kayan gida da na gona, kuma amsoshin sun sha bamban ƙwarai daga gunduma zuwa gunduma. Idan aka haura Sikotilan ko aka ƙetara Ayalan, kabad ɗin ajiye kaya sunansa "press" a bakin mutane da yawa.

Malamin Turanci: Injiniya, abin da ka kawo karin harshe ne, ni kuwa maganar daidaitaccen harshe nake yi. Basakkwace yana cewa yuƙa, Bakano yana cewa wuƙa, kuma babu wanda ya isa ya ce wa Basakkwacen ba Hausa yake yi ba, amma a jarrabawar Hausa wuƙa ake so a rubuta. Ba na koyar da "ginnel" a aji, "alley" nake koyarwa. Abin da ɗalibarmu ta kawo na tarihi ban musa ba, sai dai kalmar da masu harshe suka ajiye shekaru aru-aru ba ta da hurumin dawowa ta bayan gida.

Ɗalibar ilimin harshe: A nan ne misalin Malam ya rabu da batunmu. "Faucet" ba karin harshen wani ƙauye ba ce a Amurka, ita ce daidaitacciyar kalma da ake bugawa a jarida, a littafin makaranta da jikin kwalin kaya. Amurka tana da nata daidaitaccen Turanci da nata ƙamus tun lokacin da Noah Webster ya fitar da babban ƙamusunsa a 1828. Daidaitattun nau'o'i biyu muke magana a kai, ba daidaitacce da karkatacce ba.

Sannan ita ma Amurkar tana da nata kare-karen harshe a ƙarƙashin wannan daidaito, kuma an yi musu bincike mai zurfi. Masanin harshe Hans Kurath ya nuna a aikinsa na 1949 kan gabashin ƙasar cewa mutanen arewa sun fi kiran bokiti "pail", na tsakiya da na kudu kuma "bucket", haka nan famfo a arewa "faucet" ne, a tsakiya da kudu kuwa ana jin "spigot" ko "spicket". Daga baya Frederic Cassidy na Jami'ar Wisconsin ya jagoranci ƙamus na kalmomin yankunan Amurka, inda masu bincike suka zagaya al'ummomi 1,002 tsakanin 1965 da 1970, kuma juzu'in farko bai fito ba sai 1985. Har yau famfon shan ruwa na makarantu da wuraren shaƙatawa, wanda yawancin ƙasar ke kira "water fountain" ko "drinking fountain", a gabashin Wisconsin da Rhode Island "bubbler" ake ce masa. A Kanada kuma indararon da ke bin bakin rufi, wanda Ingila ke kira "gutter", mutanen Ontario "eavestrough" suke ce masa.

Dattijo, tsohon ma'aikacin gwamnati: Ɗiyata, Allah ya ƙara basira. Malam, ni a hannun malaman da Turawan Ingila suka horar na yi karatu, kuma ina son Turancinsu, amma gaskiya ɗaya ce: Turancin da muke yi a Najeriya bai taɓa zama na Ingila zalla ba. Man da muke zubawa a fitila da risho, mutumin Ingila "paraffin" yake ce masa, mu kuwa "kerosene" muke cewa kamar Amurkawa, kuma daga nan Hausa ta samo kananzir. Wanda ya raɗa wa man wannan suna ma, Abraham Gesner, ɗan Kanada ne. Ɗakin karɓar baƙi muna kiransa "parlour", har muka mayar da shi falo, alhali a Ingila ta yau kalmar ta tsufa, "living room" ko "sitting room" ko "lounge" ake ji. Idan za ka soke duk abin da ba a faɗa a Landan yau, to sai ka fara da kananzir da falo, kuma ba na jin za ka yarda ka yi hakan. Ka tuna kuma cewa ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29 a Janairun 2020, har da "okada" da "danfo".

Hajiya, shugabar makaranta: Baba, ka faɗi gaskiya, amma ina ganin an matsa wa Malam fiye da kima, domin akwai wani ɓangare na damuwarsa da babu wanda ya amsa. Inda kalmomi biyu ke nufin abu ɗaya, kamar "tap" da "faucet", babu wata asara. Matsalar tana inda kalma ɗaya ke da ma'ana biyu. A Ingila "first floor" shi ne hawa na farko a saman bene, a Amurka kuwa ƙasan benen ne ake kira haka, don haka mutum yana iya karɓar adireshi ya hau inda ba a nufa ba. "Garden" a Ingila shi ne duk filin da ke jikin gida ko da ciyawa ce kawai a ciki, a Amurka wannan fili "yard" ne, "garden" kuma wurin da aka shuka furanni ko kayan lambu. Ba'amurke idan ya ji "torch" sandar da aka kunna wa wuta ce ke zuwa masa a rai, idan ya ji "paraffin" kuma kakin da ake yin kyandir da shi yake fahimta. Yaron da ke gauraya nau'o'in biyu ba tare da ya san akwai su ba, shi ne zai faɗa wannan ruɗani, kuma jan biro kaɗai ba zai fitar da shi ba, sai an zaunar da shi an nuna masa wace kalma ce ta ina.

Malamin Turanci: Hajiya, na gode. Ba zan bar matsayina na cewa tsarin Ingila shi ne ginshiƙin koyarwa a makarantunmu ba, domin a kansa aka gina littattafanmu da rubutun hukuma, kuma dole aji ya tsaya a kan ma'auni ɗaya. Ɗalibin da ya rubuta "tap" a sakin layi na farko, ya dawo ya rubuta "faucet" a na biyu, zan ja masa layi, domin bai san abin da yake yi ba.

Injiniya mazaunin Leeds: To, Malam, ɗalibin da ya riƙe tsarin Amurka daga farkon takarda har ƙarshenta, a kalma da rubutu, bai gauraya ko sau ɗaya ba, shi fa?

Malamin Turanci: Wannan zan rubuta masa kalmar Ingila a gefen takarda domin ya san ta, amma ba zan rage masa maki ba.