Musayar Waƙa: Ganuwar Kano, Wa Zai Yi Mata Yaɓe?

Malam Na-Mandawari: Assalamu alaikum. Maudu'inmu na wannan mako ganuwa ce, da abin da ya rage na ginin kakanni. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "wa". Bismillah.

Da sunan Ta'ala na ɗau alƙalami,
Na bi ta Kabuga, na ɓulla Kurmi,
Badala ta zaizaye, wani gun ta zam rami,
Ina masu kishin Kano, Kanawa?

Sarki Gijimasu ne ya fara kafa ta,
Rumfa ya zo ya ƙara faɗinta,
Nazaki ma ya sa hannu a kanta,
Mu namu rabon shi ne rusawa.

Ɗan Sahu:

Allah gafarta Malam, ka faɗi gaskiya,
Sai dai ni kullum ina kan hanya,
Cunkoson Ƙofar Mata da safiya,
Ba ya barin mutum tuna ganuwa.

Ƙofar da aka yi don jaki da raƙumi,
Yau tirela ke bi, ga hayaƙi ga ɗumi,
Faɗa mini tsakani da Allah, malami,
Ta ina za a bi in ba a faɗaɗawa?

Baba Magini: Jikana ke buga mini a waya, in kun ga tuntuɓe nasa ne.

Ɗana, a Ƙofar Na'isa ma haka aka ce,
Shekarar 2010 tsohuwar ta ɓace,
An tayar da sabuwa, mota ta wuce,
Siminti ne, babu sanyin inuwa.

Ginin ƙasa ba ya son a manta shi,
Kowace shekara a yaɓe jikinshi,
A gyara indararo kar ruwa ya ci shi,
Makuba ta ɗorawa ita ce garkuwa.

Katsin marina da gashi da dafara,
Su ke ba da laso a rufin azara,
Giginya ce, ba ta tsoron gara,
Yau yaranmu bulo suke bugawa.

Tubali da hannu muke mulmula shi,
Rana ta busar, a jera a ɗaure shi,
Soron da ka shiga da azahar cikinshi,
Ba ka neman fanka, barci ke zuwa.

'Yar Agadas: Gaisuwa daga Nijar. Sannu da ƙoƙari, Baba.

Hasumiyar masallacinmu mita 27,
Ƙasa ce da itace, su ke nan kawai,
Ana mata yaɓe, ana kula sosai,
Ba wani sirri, Baba, sai gyarawa.

UNESCO ta sa birninmu a jeri, 2013,
Ba gori nake ba, ina taya ku,
Gidan Makama da Gidan Rumfa naku,
Sun isa duniya ta zo ganowa.

Bazazzagi: Ku matsa, ubangidanku ya iso.

Bayina Kanawa, ku yi haƙuri,
Bakano in ya hangi fili a gari,
Sai ya auna shago tun da wuri,
Har Dala zai yanka ya kai kasuwa.

Mu namu Babban Gwani Durugu,
Ya ɗaure bakan gizo lungu-lungu,
Masana na zuwa gungu-gungu,
A masallacinmu kai suke ɗagawa.

Hajiya 'Yar Jakara:

Kai bawan Kanawa, rufe mana baki,
Taku ganuwar ma ta zam ta awaki,
Marinarmu tun 1498 take aiki,
Baba da toka, shuɗi na fitowa.

Abin da ke ci mini rai shi ne ado,
Zauren kakata mai dagi da zanko,
Magada sun sayar, an tayar da shago,
Ko hotonsa babu na tunawa.

Da yatsa maginin ya zana bangon,
Ƙasa na ɗanye ya fidda tsarin,
In rana ta karkata ta haske zanen,
Mu yara mu tsaya muna shafawa.

Ba tsoho kaɗai ba, sabo ma haka ne,
Shataletalen gidan gwamnati shaida ne,
Na cikar jiharmu 50, kyakkyawan zane,
A 2023 aka wayi gari da rusawa.

(Baiti na uku ƙafiyarsa ta ɗan yi ɗingishi, Malam, a bar ni da shi haka.)

Ɗan Sahu:

Hajiya, zane bai mutu ba a birni,
Ki leƙa bayan kekena ki gani,
Doki da mahayi sanye da rawani,
An rubuta "Allah gatan kowa".

Mai fentin yana gindin gada zaune,
Ba digiri gare shi ba, hannu ne,
Gingimari ma shi ke mata zane,
Zaki, ɗawisu, jirgi na lulawa.

Malam Na-Mandawari: An bar miki, Hajiya. Ɗan Sahu, na karɓi naka, amma ga tambaya.

Gidan Ɗan Hausa, gun da aka fara,
Karatun boko a Kano, 1909,
Ka taɓa kai iyalinka ziyara,
Ko kullum ta ƙofa kake wucewa?

Baba Magini:

Surutu ya isa, ga aiki ya samu,
Asabar akwai yaɓe a unguwarmu,
Wani tsohon zaure ne a layinmu,
Ina neman ƙafafu masu takawa.

Ku zo da tsumma, ku bar shadda a gida,
An jiƙa ƙasa tun jiya bisa ƙa'ida,
Bazazzagi ma ya zo, babu faɗa,
Shi za mu ɗora wa kwandon ɗebowa.

Ɗan Sahu:

Baba zan zo, har makuba zan ɗauko,
Amma shata ce, na faɗa tun farko,
A ba ni kuɗin mai kafin in sauko,
Ladan yaɓen kuma mu raba da kowa.