VM ɗina suna mutuwa ana tsakiyar darasi: in ƙaro RAM ko saiti zan gyara?

Malamin Ƙofar Kaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da 'yar cibiyar koyar da kwamfuta a nan Katsina. Na ɗora Proxmox, manhajar da ke tafiyar da VM (wato kwamfutocin manhaja a cikin kwamfuta ɗaya), a kan kwamfutar tebur mai Core i5 da RAM giga 16 DDR4, faifan kuma da ZFS, wani tsarin ajiye fayiloli, na tsara shi. Akwai VM biyar na Ubuntu 22.04 a ciki, kowace na ba ta giga 4, na kunna balan-balan ɗin RAM (saitin da ke ba Proxmox damar rage wa VM RAM ko ƙara mata), mafi ƙaranci giga 1. In ɗalibi ɗaya ko biyu ke aiki, lafiya lau. Da zarar duka biyar sun hau, sai wata ta daskare da rubutun "Kernel panic - not syncing: System is deadlocked on memory", wata kuma in iske ta a kashe, ba saƙon komai. Litinin sabon aji zai fara, kuɗin da ke hannuna na hayar shago ne. In taɓa su in ƙaro giga 16, ko akwai abin da zan gyara?

Ɗan Layout: Wa alaikumussalam. Bayros ne Malam. Ka goge komai ka sake ɗora Windows.

Baban Gyara: Zafi ne. Ka kwance ta ka hure ƙura, ka canza man kan furosesa. Da wannan zafin na Katsina ko mutum daskarewa zai yi.

Na Ƙofar Marusa: Malam, don Allah kar ka yi gaggawar sayen RAM. Ni ta taɓa ci da ni. Na haɗa wa wani abokin mahaifina saba a kantinshi na magani, VM ɗaya tana riƙe da lissafin kaya da na masu bashi. Na ƙaro RAM a wani shago, mai shagon ya rantse mani sabuwa ce dal. Ba a jima ba VM ta fara faɗuwa, yau saƙo kaza, gobe wani daban, har rana ɗaya lissafin ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Dattijon nan bai ɗaga mani murya ba, cewa kawai ya yi "Ɗana, amana na ba ka." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi. Da na sa memtest86+, manhajar gwada lafiyar RAM, allon ya cika da ja. Na mayar wa mai shago, ya ce kaya in sun fita sun fita, wai ni na ƙona ta. Da hannu muka sake shigar da lissafin daga tsofaffin rasitai, ni da yaran kanti, har yau ina jin nauyin bi ta layin.

Ummu Twins: Innalillahi. Wane shago ne, mu kiyaye?

Na Ƙofar Marusa: Ba zan kama suna ba Hajiya, na bar shi da Allah. Dubu 35 na ba shi.

Ɗan Layout: Dubu 35? An cuce ka sau biyu. Giga 16 dubu 22 na saya a Beirut Road a Kano.

Baban Gyara: Wannan DDR3 ce ƙanena, ko kusa ba za ta shiga ramin DDR4 ba, tsagar ma ba wuri ɗaya take ba. Sabuwa a kwali ƙasa da dubu 55 ban gani ba.

'Yar Daura: Allah ya mayar maka da alheri Yaya, amma matsalarka daban, ta Malam daban. Lalatacciyar RAM ba ta jiran a taru, ko yaushe tana iya kayar da na'ura. Shi kuwa ya ce sai biyar ɗin sun hau. Malam, biyar sau 4 ashirin ke nan, kai kuma 16 gare ka, shi kanshi Proxmox bai ci nashi ba. Ga ZFS, wanda in ba a ƙayyade mashi ba yana iya riƙe har rabin RAM, giga 8 ke nan. Sai daga Proxmox 8.1, ƙarshen 2023, sabon ɗori yake zuwa da iyakar kashi 10 cikin 100. In tsohon ɗori ka sabunta, tsohuwar iyakar ce ke aiki. Idan uwar na'urar, wato kwamfutar da Proxmox ke kai, ta haura kashi 80 na RAM ɗinta, balan-balan zai fara janye RAM daga VM, yana iya matse ta har kusa da giga 1 ɗin da ka sa, Ubuntu mai tebur kuwa ba ta rayuwa a haka, shi ne saƙon da ka gani. Wadda kake iskewa a kashe, ina kyautata zaton uwar ce ta kashe ta don ta tsira. Ka shiga Proxmox ɗin ka buga journalctl -k | grep -i "killed process". In ka ga kvm a layin, wato sunan da VM ke aiki da shi a uwar, magana ta ƙare.

Bahaɗeje: Bakatsine ke nan! Ya gayyaci baƙi biyar a kan tuwon mutum huɗu, yana mamakin an tashi da yunwa. Ku kawo kwamfutar Haɗeja mu koya maku lissafi.

Baban Gyara: Baiwar Allah, wannan duk karatun takarda ne. Tun zamanin Pentium 4 nake kwance kwamfuta. In abu ya ce RAM ta kasa, a ƙara RAM.

'Yar Daura: Baba, ban raina hannunka ba. Ƙarin zai taimaka, amma a giga 32 ZFS na iya ɗaukar 16, ya sake komawa bakin gaɓa, ga kuɗin haya sun tafi. Ya fara da abin da ba ya cin ko sisi: ya sa zfs_arc_max, wato iyakar RAM ɗin da ZFS zai riƙe, a giga 2 cikin /etc/modprobe.d/zfs.conf, ya buga update-initramfs -u, ya sake kunnawa. VM ɗin ya mayar da su Ubuntu Server ko Xubuntu, giga 2 kowace, ya kashe balan-balan.

Ɗan Layout: Ni dai wanda ya taɓa riƙe sukundireba nake saurara.

Ummu Twins: Kai da ka ce a ɗora Windows? Ita kaɗai ce ta karanta tambayar har ƙarshe.

Malamin Ƙofar Kaura: Na duba Malama, akwai kvm a layi biyu. Sai dai darasin wannan ajin na Docker ne (manhajar tafiyar da wasu manhajoji a keɓe) da burauza a buɗe, giga 2 za ta ɗauka kuwa?

Na Ƙofar Marusa: Ko me za ka yi, in dai za ka saya, ka tafi da filashi mai memtest86+ a gwada a gaban mai shagon. Ka bar ta ta zagaya ko sau ɗaya.

Baban Gyara: Da wace wutar? Zagaye ɗaya a giga 16 sai ya haura awa. Mu a layinmu tun shekaranjiya ba a kawo ba, ga takardar kuɗi an liƙa mana a ƙofa kamar kullum.

Ummu Twins: Mu ma haka. Kuma ɗauke wutar nan da dawo da ita da ƙarfi shi ya ƙona mani caja biyu. Batirin inbata nawa yake yanzu? An ce mani lithium ya sauko.

Ɗan Layout: Ya sauko a ina? Wanda ya haɗa mani sola ya sa mani tsohon batiri a sabon kwali, bari in ɗauko hoton ku gani.