Don Allah a taimaka min, CSV ɗina yana shiga MySQL a hargitse

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ne mai riƙe wa ƙungiyarmu ta manoman shinkafa rijista a wani ƙauye kusa da Auyo, kwana uku kenan ina fama da abu ɗaya wallahi ya hana ni barci.

Yara uku ne suka bi gida gida suka ɗauki sunaye, kowa da irin rubutunsa, sai na haɗa fayil ɗin CSV, wato mai raba bayanai da waƙafi, na tura shi MySQL, manhajar adana bayanai, ta umarnin LOAD DATA mai loda fayil. Ya shiga kam, amma kwanan wata duk ya koma 0000-00-00 tunda mu rana muke fara rubutawa, kamar 25/06/2024, shi kuma MySQL shekara yake so a gaba. Kuɗin taki ma haka, wanda ya biya 12,500 sai in ga 12 kawai saboda waƙafin nan, kuma wannan ne ya fi tsorata ni don haƙƙin mutane ne, kada a ce wani bai biya ba.

Sannan wajen jinsi, wani ya sa M yana nufin mace, wani M namiji ne a wurinsa, wani ya rubuta namiji cikakke. So nake su dawo 1 da 2.

Na ji ana kama shafin (wato column) a wani suna na wucin gadi mai farawa da @ sannan a gyara shi da umarnin SET, na gwada STR_TO_DATE mai mayar da rubutu kwanan wata ya ƙi. Ina ake sa SET ɗin ne, kafin jerin sunayen shafuka ko bayansa? Kuma M ɗin nan CASE, umarnin sharaɗi, zai iya duba sunan wanda ya shigar ya raba su?

Ranar kasuwa shugabanmu zai karɓi lissafi. Allah ya saka da alheri.