Kar mu ci gaba da ce musu "ƙwayoyin cuta"

1/ Ina yi wa wani dattijo manomin shinkafa a Kura bayanin yadda takin yuriya ke salwanta a fadama, sai na ce ƙwayoyin cuta ne ke aikin. Nan take ya ce, "To ɗana, wane magani zan fesa?" Kalmar ce ta ɓatar da shi. Baktiriyar da ke wannan aikin a cikin taɓon gona, wato halittun nan da ido ba ya gani, ba cuta suke sawa ba, kuma ba mu da sunan da ya dace da su.

2/ Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma shinkafa ba ta iya cin sa a haka. Wasu baktiriya, irin su Anabaena da ke zaune cikin ganyen azola, ɗan tsiron da ke yawo a saman ruwa, su ke kamo shi su mai da shi abincin shuka. Manoman Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna takin shinkafa da azola.

3/ Asarar kuwa ga yadda take. In an watsa yuriya, wato takin naitirojin, a ruwa, wani kaso ya tashi sama a matsayin iskar amoniya. Saura kuma, a ɗan siririn saman taɓo inda iska ke shiga, baktiriya irin su Nitrosomonas da Nitrobacter su juya shi zuwa naitiret, wani sinadarin naitirojin. Da naitiret ya nitse ƙasa inda babu iska, sai wasu baktiriyar su farfasa shi, naitirojin ɗin ya koma sama. Shi ya sa ake cusa dunƙulen yuriya cikin taɓo, zurfin santimita 7 zuwa 10.

4/ To, wane suna za mu ba su? "Ƙwayoyin halitta" an riga an ba wa wani abu daban a ajin kimiyya. "Ƙananan halittu" kuwa har tana da tururuwa sun shiga ciki.

5/ Ni dai na tsaya a kan "ƙwayoyin ƙasa". Sai a raba su da aikinsu: masu kamu, masu juyi, masu saki. Na gudajin saiwar gyaɗa da wake ma masu kamu ne, duk manomi ya san gonar da aka cire gyaɗa tana da ƙarfi.

6/ Da na koma wurin Baba da waɗannan sunaye, bai sake maganar feshi ba, sai ya tambayi yadda zai hana masu saki cin buhunsa. Malaman gona, ku gwada su a wurin manomanku, ku faɗa mana in sun zauna a baki.