Neman Shawara: Murya Baiwa Ce Ko Ana Koyonta? An Ce In Ajiye Ɗalibaina Biyu

Abban Hafsa, daga wani ƙauye a gefen Ringim:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a islamiyyar ƙauyenmu, kuma saura wata uku mu yi walimar sauka, a tsakiyar hunturu. Yara ne ke rera mana ƙasidu da waƙar makaranta, jagora ɗaya da 'yan amshi 12. Biyu daga cikinsu ne suka sa ni a tsaka mai wuya. Na farko shekararsa 14, shi ne jagoranmu, murya garau, amma tun lokacin damina muryar ta fara fashewa, yana tsakiyar baiti sai ta tsinke. Wasu sun ce baki ne ya kama shi, wasu sun ce a kai shi wurin wanzami a cire masa beli. Na biyu shekararsa 11, ya fi kowa hadda da naci, ga ƙarfin murya, amma ba ya hawa sautin da sauran suke kai, har yana jan na kusa da shi su karkace. Dattawan kwamiti sun ce in ajiye su duka, wai murya baiwa ce, wanda ba a ba shi ba ba zai koya ba, wanda aka karɓe wa kuma sai haƙuri. Haka ne? In ana gyarawa, me zan yi kafin ranar? Kayanmu lasifika ɗaya ce da makirfo biyu.

Baba Na-Gumel:

Wa'alaikumus salam. Allah gafarta Malam, dattawanka ba su yi ƙarya ba, rabin maganar suka faɗa. Akwai abin da ba a koyarwa: zaƙin amon da ke sa a gane mutum tun daga bayan katanga, da saurin kama waƙa daga ji ɗaya, da fasahar ɗinka magana nan take a gaban jama'a. Wannan rabo ne. Amma tsayawa kan sauti, da riƙe numfashi har ƙarshen ɗango, wato layin waƙa, da shiga amshi a kan gaɓa, duk aiki ne, kuma su ne mafi yawan abin da mai sauraro ke kira iya waƙa.

A duba manya. Musa Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya tashi, ya yi amshi a bayan mahaifinsa kafin ya ja tasa ƙungiyar. Mamman Shata kuwa gidansu ba makaɗa ba ne, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Ɗaya ya gada, ɗaya bai gada ba, abin da ya haɗa su shi ne shekarun da suka kwashe suna rerawa a gaban mutane. A gidajen makaɗa ba a taɓa miƙa wa yaro jagoranci don kawai muryarsa ta yi daɗi. Yana farawa da ɗaukar kaya yana saurare, sai tafi, sai a sa shi cikin amshi ya riƙe gindin waƙa kawai, sai karɓi, wato jagora ya fara ɗan waƙa, shi kuma ya ƙarasa, sannan ƙari, wato ya ɗora nasa a kan abin da jagora ya faɗa. Da baiwa kaɗai ta isa, da ba a shimfiɗa wannan doguwar hanya ba.

Maman Sadiq, ma'aikaciyar lafiya:

Malam, don Allah kafin komai a dakatar da maganar wanzami. Beli ba shi ne ke yin murya ba. A can ƙasa cikin maƙogwaro ake yinta, inda tantani biyu suke kaɗawa idan iskar huhu ta ratsa tsakaninsu. Yanke beli ba zai taɓa su ba, sai dai ya jawo zubar jini, da shigar ƙwayoyin cuta, da wahalar haɗiya.

Yaronka balaga ce ta zo masa, ba baki ba. A wannan shekarun maƙogwaron namiji yana girma da sauri, tantanin nan su ƙara tsawo da kauri. Na babban namiji yakan kai milimita 17 zuwa 25, na mace 12 zuwa 17. Kamar tsarkiyar gurmi ne, mai tsawo da kauri ita ke ba da amo na ƙasa. Muryar yaro tana kaɗawa wajen sau 250 a daƙiƙa, ta magidanci wajen 120, ka ga ta sauka da kusan rabi. Tsinkewar da kake ji kuwa, naman da ke sarrafa maƙogwaron ne bai saba da sabon girman ba tukuna. Yakan ɗauki watanni, wani ya haura shekara kafin ta zauna, kuma babu maganin da ke gaggauta shi.

Abin da ke ɓata murya a wannan lokaci shi ne tilasta wa yaro ya koma sautinsa na da. Zai matse wuya, jijiyoyi su fito, tantanin su riƙa bugun juna da ƙarfi har su kumbura, in abin ya daɗe su yi ƙulli. To kada ya daina rerawa, amma ya tsaya inda muryar ke fita ba tare da yunƙuri ba, minti 10 zuwa 15 a zama ɗaya, ya huta. Ya bar ihu a filin ƙwallo, ya bar yawan kakarin gyaran murya, kuma in ta dishe kada ya koma raɗa, raɗa ma matsa maƙogwaro take yi. Gara ya yi magana a hankali ko ya yi shiru. In dishewa ta wuce mako uku ba sauƙi, ko akwai zafi wajen haɗiya, ko numfashi na ƙara, a je asibiti a nemi a tura shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ummu Khalil:

A haɗa musu zuma da citta da kanumfari su riƙa sha da safe, yana wanke murya sosai.

Maman Sadiq:

Yaya, ba laifi su sha, yana sanyaya maƙoshi, amma abin da aka haɗiye ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya bi ta kan tantanin murya. Da zai bi, da an shaƙe. Abin da ke kai musu laima biyu ne: ruwan da jiki ya sha, da tururin da aka shaƙa. A hunturu yaro ya sha ruwa kamar lita ɗaya da rabi a yini, kaɗan-kaɗan, ba wai ya ɗura ana gab da farawa ba. Sirace da ruwan zafi zalla na minti biyar yana taimako, babba na tsaye a kansa saboda ƙuna. Citta da yaji in sun yi yawa, musamman da dare, suna tayar da ƙwannafi, shi kuma yana dishe murya da safe. A kuma raba su da hayaƙin murhu da ƙurar sussuka a makon walimar.

Injiniya, mai haɗa sauti a Kano:

Malam, ni kan ƙaramin zan yi magana, don shi aka fi yi wa rashin adalci. Masu matsalar da kunnensu ba ya bambance hawa da saukar sauti tun haihuwa suna nan, amma binciken da aka yi bai kai su sama da 4 cikin 100 ba. Mafi yawan waɗanda ake cewa ba su da baiwa suna ji daidai, muryar ce ba ta saba bin kunnen ba. Kafin a yanke masa hukunci a gwada shi, shi kaɗai, ba a gaban abokansa ba, don kunya kanta tana karkatar da murya.

Ka sa ya juya maka baya. Ka rufe baki ka yi “mmm” sau biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya faɗi wanne ya fi tashi. Ka yi haka sau 10, kana farawa da tazara mai faɗi kana matso da su kusa. In ya ci 8 ko fiye, kunnensa lafiya lau. Sai ka tafa masa wani ɗan kari ya maimaita, a ga ko yana riƙe lokaci. Na ƙarshe shi ne mai muhimmanci, kuma a nan malamai da yawa ke kuskure: kada ka ba shi sauti ka ce ya kamo ka. Shi zai fara, ya ja “aaa” a inda ya ga dama, kai ka je ka same shi a can. Idan muryoyinku suka haɗu zai ji sun narke sun zama ɗaya, wani yaron bai taɓa sanin wannan jin ba sai ranar. Daga nan ka ɗaga kaɗan ya biyo ka, ka dawo, ka sauka kaɗan. Sauti uku kacal a makon farko, biyar a na biyu. Wata matsalar kuma, muryarka ta babba ce, tana ƙasa da tasa nesa, yaro na iya rikicewa wajen kwaikwayonta. In ka ga haka ka sa wata yarinya ko yaro mai tsayayyar murya ya riƙa ba shi sautin.

Ƙarfin muryar nan da kake yabo, shi ne rabin ciwon. Mai ɗaga murya ba ya jin na kusa da shi. Ka ce ya rage ta zuwa rabi, ya toshe kunne ɗaya da yatsa don ya ji kansa, ka kuma ɗauke shi a waya ka kunna masa. Minti 10 kullum ya fi awa biyu ranar Alhamis.

Abban Hafsa:

Allah ya saka da alheri. An fasa zuwa wurin wanzami. Na gwada ƙaramin kamar yadda Injiniya ya ce, yana bambance sautin sarai, tafin ma bai kuskure ba. Abin da na lura, in shi ya fara muryarsa tana zama ƙasa da inda muke ɗaukar waƙar, kuma numfashinsa na ƙarewa kafin ƙarshen ɗango. Sannan wa zai ja baiti ranar, tunda babban bai warware ba?

Malama Inna, mai koyar da Hausa a wajen Ɗambatta:

To ai ga bakin zaren, Malam. Kun saba ɗaukar waƙar a inda tsohon jagoranku yake jin daɗi lokacin muryarsa na sama, kowa kuma ya bi. Ku sauko da ita. Ka nemo wuri mafi tsayi a waƙar, ka sa yaran su rera shi kaɗai, kana saukarwa har sai ka ga ba mai ɗaga haɓa ko tamke wuya. Daga nan za ka lissafo inda za a fara. Ka ɗauki wannan sautin farko a waya, a riƙa kunna shi kafin kowane gwaji, don kada yau a fara sama gobe ƙasa.

Numfashi kuma, ka dubi kafaɗun ƙaramin. In suna tashi idan ya ja iska, a saman ƙirji yake tarawa, ba za ta kai shi ko'ina ba. Ya kwanta rigingine a tabarma, hannu a kan cibiya, ya ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu, hannun ya tashi, ya sake ta da “sss” siririya kana ƙirga 12. Duk mako a ƙara biyu har ya kai 20, sannan ya yi a zaune, sannan a tsaye. In jiri ya ɗebe shi ya tsaya. Kafin a fara rerawa dukkansu su yi minti biyar suna “mmm” a hankali da karkaɗa leɓe, daga ƙasa zuwa sama su dawo.

Wani abin kuma ba laifin yaran ba ne, na rubutun ne. Waƙoƙin makaranta da yawa ana cusa wa ɗango kalmomi fiye da abin da karin zai ɗauka, sai yaro ya riƙa gudu yana haɗiye gaɓoɓi, ko a ja gajeren wasali a inda dogo ya kamata ya zauna, kalmar ta fita a karkace. Ka ƙirga gaɓoɓin kowane ɗango ka gwada da na amshi. Wanda ya zarce a rage masa kalma. Ka kuma sa alama da jan biro a inda za a numfasa, a ƙarshen ma'ana, ba a tsakiyar kalma ba, kowa ya numfasa a wuri ɗaya.

Baba Na-Gumel:

Jagoranci a raba shi. Ka zaɓi yara biyu daga cikin amshi su riƙa karɓa-karɓa, baiti-baiti, in ɗaya ya ɓata ɗaya ya tare. Babban kada a ajiye shi, yaron da aka saba tafa wa in aka zaunar da shi rana ɗaya ba lalle ya dawo ba. Shi ya san waƙar ciki da bai, a ba shi riƙon kari da tafi, shi zai ba da alamar shiga, ya yi amshi a ƙasa da sabuwar muryarsa. Ƙaramin a tsayar da shi tsakanin mutum biyu masu tsayayyar murya, ba a gefe ba.

Injiniya:

Ƙarin bayani kan kayan. Lasifikar ta kasance a gaban yaran tana kallon jama'a, in tana bayansu za ta riƙa kuka. Makirfo ɗaya na masu jan baiti, tazarar yatsu uku daga baki, kuma kada su dunƙule kansa da hannu. Ɗayan a ɗaure a sanda kamar taku ɗaya gaban 'yan amshi, masu tsayayyar murya su fi kusa da shi. A rage amsa-kuwwar na'urar, tana ɓoye kuskure a kunnen mai rerawa ta kuma jinkirta masu amshi. Janareto a kai shi bayan gini da doguwar waya, in ba haka ba yaran za su yi ta gasa da ƙararsa su dishe tun kafin baƙi su zauna. Ku yi gwaji biyu da kayan a ainihin filin, a irin lokacin da za a yi walimar. In da safe ne, a tashe su da wuri su karya, su sha ruwan ɗumi, a yi ɗumin muryar nan na minti biyar a cikin aji kafin su fito cikin iska.