Jadawalin "jami'ar da ta fi kowace": da me ake auna shi?

Baban Auwalu, Sumaila

Assalamu alaikum malamai. Yarona zai cike JAMB bana, injiniya yake so ya karanta. Ana ta yawo da jadawali a WhatsApp wai jami'a kaza ce ta ɗaya a Najeriya, gobe kuma a kawo wani mai wata jami'ar daban a sama. Su wa ke tsara lambobin nan? In bi su wajen zaɓa masa tsakanin BUK da Wudil?

Malam Na Ringim

Wa alaikumus salam Baba. Masu awon ne ba ɗaya ba, kuma kowa da mudunsa. Times Higher Education ta Ingila tana ba ingancin bincike kashi 30 cikin 100, yanayin bincike 29, koyarwa 29.5, hulɗa da ƙasashen waje 7.5, alaƙa da masana'antu 4. Ka ga bincike kaɗai ya kwashe kusan 60. Ingancin nan kuwa yawancinsa lissafi ne na sau nawa wasu masana suka kafa hujja da maƙalun malaman jami'ar, daga Scopus, rumbun da ke tattara bayanan maƙalun masana. Jami'ar da ba ta wallafa maƙala 1,000 cikin shekara biyar ba, ko ba ta aika musu bayananta ba, ba za a ba ta matsayi ba. Saboda haka rashin ganin sunan ƙaramar jami'a bai nuna ba a karatu a cikinta.

Jadawalin QS, wani kamfani a Ingila, shi kuma kashi 30 ra'ayin malaman jami'o'in duniya ne, 15 na masu ɗaukar ma'aikata. Wanda aka sani shi ake ambata, tsofaffin jami'o'i ke cin wannan. Na Shanghai, da aka fara a 2003, kashi 30 na lambar Nobel ne da lambar Fields ta lissafi. Wannan bai ma shafe mu ba.

Ko "koyarwar" da suke cewa, ba wanda ya shiga aji ya ga darasi. Ƙuri'ar ra'ayi ce, da yawan ɗalibai a kan kowane malami, da adadin masu digirin digirgir, da kuɗin shiga.

Yaya Hajara, Birnin Kudu

A ƙara da Webometrics na wata cibiyar bincike a Sifaniya, mai fitowa a Janairu da Yuli. Rabin makinsa yawan shafukan waje ne da ke nuni zuwa shafin intanet na jami'ar. Jami'a ta sauya adireshin shafinta sai ta rikito, alhali ko kujera ba a taɓa a aji ba. Duk jadawalin da ba a rubuta wanda ya yi shi da shekararsa ba, Baba, ka share kawai.

Injiniya Ɗan Gaya

Baba, jadawali jami'a gaba ɗaya yake aunawa, yaronka kuwa sashe ɗaya zai shiga. Abin tambaya shi ne tantancewar kwas ɗin. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i tana aika masana su duba manhaja, malamai, ɗakunan gwaji da laburare. Maki 70 zuwa sama ke kawo cikakkiyar amincewa ta shekara biyar. Na wucin gadi shekara biyu ce. Wanda ya faɗi, a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Injiniya sai an haɗa da amincewar COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya, in babu ita rajistar aiki takan zama wahala bayan kammalawa. Likitanci kuma MDCN ce, majalisar likitoci, har da ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka. Ku je sashen da ƙafarku, ku tambayi shekarar da aka yi tantancewar ƙarshe, ku nemi 'yan aji huɗu su faɗa muku ko injinan wajen gwaji suna aiki ko ado ne.

Malam Na Ringim

Kar a manta da gurbi. A jami'o'in tarayya ana raba shi 45 cancanta, 35 yankin da jami'ar take, 20 jihohin da ke baya a boko, kuma Kano da Jigawa suna ciki. Ga ɗan Sumaila, sa BUK a zaɓin farko ya fi masa sauƙin samu a kan Ibadan, komai lambarta.